Kafin Ka Sayi Iri, Leƙa Tukunyar Gidanka

Shekara uku ke nan, a tsakiyar watan Maris, na shigo gida riƙe da 'yan fakitoci biyar na irin shuka da na saya a wani babban kanti a nan Kano. Kowanne da hoto a jikinsa, kore shar, kamar ka tsinka ka kai baki. Akwai rozmeri, akwai tayim, akwai labanda mai shuɗin fure, da wasu biyu da har yau ban iya faɗin sunansu ba. Abin da ya ja ni kuwa wani bidiyo ne da na yi ta maimaitawa a waya, na wata Baturiya da ta jera tukwane a bakin tagar kicin ɗinta, in tana girki sai ta miƙa hannu ta tsinko ganye ta jefa. Na ce ai mu ma muna da taga.

Uwargida ta karɓi fakitin rozmerin, ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Malam, shi wannan a wace miyar ake sa shi?"

Na ce, "Ke dai bari ya fito."

"To, Allah ya fito da shi lafiya."

Bai fito ba. Labanda ma ko leƙowa ba ta yi ba. Tayim ne kaɗai ya ɗan yi mini kara, ya tsiro siri-siri kamar gashin jariri, ya kwana biyar, ranar Afrilu ta dube shi sau ɗaya ya kwanta. Bokitai biyar suka zauna a gindin katanga cike da ƙasa, kullum da safe ina tsugune a kansu ina zuba ruwa, yara suna wucewa makaranta suna gimtse dariya.

A cikin wannan hali gwaggona ta zo daga ƙauye ganin likitan ido, ta sauka a wajenmu. Washegari da hantsi ta fito shan iska, ta tsaya a kan bokitan, ta ce, "Kai ɗan nan, me aka binne a nan?" Na yi mata bayani iya iyawata. Ba ta ce uffan ba. Da la'asar ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta gaisuwa, ta dawo da 'yan rassan ɗoɗɗoya guda huɗu a hannu, kowanne bai fi tsawon taƙi ɗaya ba. Ta zage ganyen ƙasan, ta bar bibbiyu a kai, ta soka yatsa a ƙasar bokitin ta cusa su, ta danna gefen da babban yatsa. Sannan ta sa aka janye bokitin daga gindin katangar yamma zuwa inuwar ɗakin girki, ta ce a riƙa yin alwala a kansa. Kwana goma sha biyu suka yi toho. Kafin damina ta yi nisa, farfesun gidanmu ya daina jiran a aiki yaro kasuwa.

Tun daga nan nake da ra'ayin da nake son in faɗa a yau, ganin yadda maganar lambun gida ta dawo bakin mutane tun da tsadar cefane ta taso bayan cire tallafin man fetur a 2023. Duk wanda zai fara shuka kayan ƙanshi da ganyen miya a gida, tukunyar gidansa ce ya kamata ta zaɓa masa abin da zai shuka. Ya zauna ya tuna abin da aka aiki yaro ya sayo na naira ɗari ko ɗari biyu a makon da ya wuce, wanda aka yi amfani da rabi, sauran ya yi yaushi a kwando. Wannan shi ne irinsa. Tambayar da uwargida ta yi mini, wadda na ji haushinta a lokacin, ita ce tambayar farko, kuma da na amsa ta da gaskiya da ban yi asarar kuɗin cefanen kwana biyu ba.

Ba laifin rozmeri ba ne, kuma ba wai mai kantin ya cuce ni ba. Rozmeri da tayim da labanda 'yan bakin Bahar Rum ne, can wajen Italiya da Faransa da Sifen da Maroko, inda suke fitowa a kan tuddai masu tsakuwa, ruwan sama ya zo musu a lokacin sanyi, zafin bazararsu kuma bai kai namu ba. Mu kuwa a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, Afrilu kan haura digiri 40, ruwan shekara kuma ya taru ya zubo cikin wata huɗu, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Wato tsiron da ya tsira daga ƙunar bazara, saiwarsa ta ruɓe a malkar Agusta. Ban da haka, ƙwayar irin rozmeri ko a ƙasarsu ba ta da saurin tsira, shi ya sa masu lambunsu suka fi dasa reshe. Wanda ke Jos, inda tudun ya haura mita 1,200 kuma sanyi ke barin dankalin Turawa da sitiroberi su yi, shi yana iya gwadawa ya dace. Wani gwanin ma a Kano yana iya raya shi da dabara da inuwa. Amma gwani na ce. Mai koyo da ya fara da abin da zai mutu a hannunsa, abin da zai koya kawai shi ne wai shi ba shi da hannun shuka, ya kifa bokitin ya haƙura har abada. Na san mutum uku da haka ta faru da su. Saura ƙiris in zama na huɗu.

Abin takaicin shi ne muna da namu, kuma masu yawa. A 1916 wani likitan Turawan mulki, J. M. Dalziel, ya buga littafi sukutum na sunayen tsirrai da Hausa. Shekara ɗari da 'yan kai bayan haka, ɗana ya dawo daga makaranta yana kiran na'ana'a da sunanta na Turanci, ɗoɗɗoya kuwa bai ma san tana da suna ba. Ban ga laifinsa ba. A gidan da na tashi, gindin randa kullum a jiƙe yake, kuma a wannan damshin na'ana'a take zaune ba wanda ya ce shi ya shuka ta. Bakin rariya akwai ɗoɗɗoya da barkono. Bayan ɗakin kaka akwai 'yar garka da aka kewaye da kara, da yakuwa da lalo da kuɓewa, zogale kuma shi ne ma dangar. Gidan da ɗana ya tashi a ciki, tun daga ƙofa har bakin banɗaki siminti ne. Mun daɓe tsakar gida da intalok da tayil don gudun caɓi, muka sami tsabta, muka sami zafin da ke dukan ƙafa har bayan isha'i, muka kuma koma sayen ganyen da iyayenmu ke ba maƙwabta kyauta.

To, tunda ƙasar ta shige ƙarƙashin siminti, sai a ɗauko ta a sa a bokiti. Ni shawarata uku kacal: na'ana'a, ɗoɗɗoya, da ciyawar shayin nan mai ƙanshin lemun tsami da 'yan kasuwa ke kira lemun giras. Dalilina ɗaya ne a kan dukkansu: ba a bukatar ƙwayar iri. Mai koyo ya fi yawan faɗuwa a tsakanin ƙwaya da tsiro, inda ƙadangare da rana da yawan ruwa ke jira. Reshe kuwa ya riga ya wuce wannan siraɗin.

Bari in tsaya a kan na'ana'a, don ita ce ta fi koya mini abu. Ka sayi ɗauri ɗaya a kasuwa, irin wanda ake kawowa 'Yankaba da sassafe ko wanda masu shayi ke saye. Ka zaɓi kara uku ko huɗu masu ƙwari, waɗanda ba su yi baƙi a gindi ba. Ka zage ganyen ƙasa, ka tsoma su a kofin gilashi da ruwa ya rufe gaɓa biyu, ka ajiye inda akwai haske amma rana ba ta duka. Kana canza ruwan bayan kwana bibbiyu. Wajen kwana na biyar za ka ga wasu fararen ɗigo a daidai gaɓar, kamar kan allura. Zuwa kwana goma sun zama zare fari fat, tsawon gaɓar yatsa. Ranar da na fara ganin wannan, ni da na haura hamsin, sai da na kira duk mutanen gidan su zo su gani. Ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, gemu ta yi." Daga nan sai dasawa. Sharaɗinta biyu: ta sami ranar safe da inuwar azahar, kuma a ba ta bokitinta ita kaɗai. Na'ana'a ba ta da kunya. Tana aika jijiya ta ƙarƙashin ƙasa, in ka haɗa ta da wani, wata uku ta cinye masa wuri. Bayan shekara guda za ka ga ganyen ya ƙanƙance. Ba ciwo ba ne, saiwa ce ta cika bokitin. Ka juye, ka yanki kashi ɗaya cikin huɗu ka mayar da sabuwar ƙasa, sauran ka rabar. Wanda ya taɓa zama da Buzaye ya ga yadda suke dafa shayinsu zagaye uku a kan ɗan murhun waya, ya san darajar ɗanyen ganyen da aka tsinko yanzu, da bambancinsa da wanda ya kwana uku a leda.

Ɗoɗɗoya ta fi ta haƙuri nesa ba kusa ba. Tana son rana, tana jure ƙishi, kuma in ta yi huda ta zubar da 'ya'ya, da damina sai ka ga jikokinta a tsagar siminti. Yarbawa na ce mata efirin, Ibo na ce mata ncanwu, kuma duk wanda ya sha farfesun kifi a Sabon Gari ya san ƙanshinta ko bai san sunanta ba. Kuskuren da masu koyo ke yi da ita shi ne tausayi. Suna ganin ta miƙe sai su ƙi taɓa ta, ko su riƙa tsinkar manyan ganyen ƙasa ɗaya-ɗaya, ta yi ta tsawo kamar sanda, ta yi fure, ganyen ya yi kaushi. Gwaggo ce ta nuna mini: da zarar ta kai tsawon kamu ɗaya, ka sa farce ka fincike kan, daidai saman inda ganye biyu suka fuskanci juna. Nan wurin reshe biyu za su fito. Su ma in sun tasa ka fincike su, su zama huɗu. Na ce, "Gwaggo, ba za ta mutu ba?" Ta ce, "Kai da ake yi maka aski ka mutu?"

Ita ciyawar shayi ba ta da dogon labari. Ka roƙi mai ita ya ɓanɓaro maka tushe biyu da saiwarsu, ka datse ganyen, ka dasa a babban mazubi, ka ba ta ruwa. 'Yar'uwar tsauri ce da nobe na dajinmu, ta san zafi. Abu ɗaya zan ce: masu cewa in ka dasa ta a tsakar gida sauro ya ƙaura, su daina. Man da ake tatsa daga irin wannan ciyawa yana korar sauro na ɗan lokaci in an shafa, amma tushen da ke tsaye a bokiti bai hana sauro komai ba. Na zauna kusa da nawa an cije ni. Ka shuka ta don shayi, ka ci gaba da ɗaura gidan sauronka.

Kada a kashe kuɗi a kan tukwanen roba masu launi da ake jerawa a bakin titi. Tsohon bokitin fenti, jarkar da ta fashe aka yanke kanta, buhun siminti ko na shinkafa, randar da ta tsage, duk sun wadatar. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne huji. Ka gasa ƙusa a wuta ka huda gindin wuri shida ko takwas, ka ɗora mazubin a kan bulo biyu don ruwa ya wuce. Shukar bokiti da yawa ruwa ne ke kashe ta, ba ƙishi ba. Saiwa na numfashi, in ta kwana a caɓi sai ta ruɓe, ganyen ya yi rawaya, mai shi kuma ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara mata ruwa. Ni ma haka na yi wa tayim ɗina, ban da ranar da ta gama da shi. Gwajin mai sauƙi ne: soka yatsa zuwa gaɓa ta biyu. In ka ji danshi, ka bari sai gobe.

Ƙasa kuma kada a kwaso jar ƙasar gini ko lakar bakin kududdufi zalla, don in ta bushe a bokiti bulo take zama. Abin da ya yi mini aiki shi ne kashi biyu na baƙar ƙasar gona, ɗaya na yashi, ɗaya na taki. Takin ma wanda ya ruɓe ya huce, ya koma kamar garin ƙasa ba ya wari. Kashin awaki ko na tumaki da ya shekara a turke ya fi komai. Ɗanyen kashin kaji wuta ne. Wani abokina ya kwaso shi daga keji da zafinsa ya zuba wa barkononsa don ya yi sauri, kwana biyu ya tarar da su kamar an babbake.

Na san abin da mai karatu zai ce, don an sha faɗa mini: mutumin da ke sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, jarka-jarka, shi za a ce ya shayar da ganye? Magana ce mai nauyi, kuma wanda famfo ke zuba a gidansa bai kamata ya yi mata gatsali ba. Amma mu yi lissafi. Bokiti uku, ko a tsakiyar bazara, buta biyu zuwa uku ta ishe su a yini. Gidan da mutum shida ke alwala sau biyar, ruwan da ke bin rariya ya ninka haka. Ga ruwan wankin shinkafa, ga na wankin alayyahu da tumatir, ga ragowar ruwan kofi da ake watsarwa. Ka ajiye roba ɗaya a wajen alwala, shi ke nan. Wanda ba a so shi ne ruwan omo da na bilic da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri. A zuba da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, ba a kan ganye ba. In zafi ya tsananta, a rufa saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, danshin zai kai yamma. Kuma kada a bar ruwa ya kwanta a faranti a ƙarƙashin bokiti, kada garin neman na'ana'a a buɗe wa sauro gidan haihuwa.

Sai masu cewa gidan haya suke. Ai bokitin don su aka yi shi. Ranar tashi, ka ɗora shi a kan a-kori-kura tare da katifa.

Akwai kuma maganar da ya kamata mu masu wannan kira mu faɗa da bakinmu kafin a faɗa mana: bokiti uku ba sa maganin yunwa. Ba za su sauko da kuɗin buhun masara ba, ba za su biya kuɗin makaranta ba. Gwamnatin Obasanjo ta soja ta yi shirin ciyar da ƙasa a 1976, aka yi ta kiran kowa ya noma ko da bayan ɗakinsa ne, kuma ga shi har yau muna kan maganar abinci. Duk jami'in da zai hau mumbari ya nuna wa talaka lambun buhu a matsayin amsar tsadar rayuwa, alhali manomi na tsoron zuwa gonarsa kuma taki ya fi ƙarfinsa, yana kauce wa aikinsa ne. Abin da bokitin ke bayarwa ƙarami ne, amma na gaske ne. Canjin da ake kashewa kullum a kan ɗauri ɗaya yana tsayawa a aljihu. Ana tsinkar daidai bukata, ba a zubar da saura. Sannan ka san ruwan da ganyenka ya sha. Duk wanda ya taɓa bin bakin wasu magudanan manyan garuruwanmu da rani, ya ga launin ruwan da ake jawowa ana ba latas da lansir, ganyen da ɗanye ake cin su, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Maƙiya kuwa suna nan, kuma yawancinsu 'yan gida ne. Akuya ta fi kowa. Minti biyu aka bar ƙofa a buɗe ta yi wa zogalena aski har gindi. Kaji na tona. Ƙadangaru da gwara na cinye ɗanyen tsiro da rani, lokacin da ba wani kore a unguwa sai naka. Tsohon gidan sauro da aka yafa a kan 'yan sanduna huɗu ya raba ni da su duka, ban da akuyar, ita sai sakata. In darɓa ta taru a bayan ganye, ka murje ta da yatsa ko ka wanke ta da ruwa. In ta yi yawa, ka daka ganyen darbejiya ka jiƙa ya kwana, ka tace ka yayyafa da yamma. Toka ma ana barbaɗawa. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a kusanto da fiya-fiya ko maganin feshin gona kusa da ganyen da za a tsinka yau a sa a shayi yau. Na ga wanda ya yi, wai don tururuwa. Gara bokitin ya mutu.

In ukun nan sun kai wata shida a raye, to hannu ya faɗa, sai a ƙara. Lawashi ya fi komai sauƙi: gindin albasar da aka yanke za a yar, ko wadda ta fara tsiro a kwando, a cusa ta a ƙasa, mako biyu ana yankar ganye. Da hunturu ya kama sai a yafa lansir a faffaɗar roba. Kwana uku ya tsiro, mako biyu zuwa uku an yi kwaɗo. Irinsa na wajen 'yan koli a Kasuwar Kurmi, haka ma hulba, wadda ita ma takan tsiro in an jiƙa ta ta kwana. Shuwaka reshe ake soka wa, kuma gidan da ake sa ran mai jego ya san amfaninta. Zogale yana son ƙasa ta gaske ko rabin duro, kuma a riƙa datse kansa daidai ƙirji, in ba haka ba ya wuce katanga ganyen ya koma rabon maƙwabta. Ba a banza mutanen Maraɗi da Yamai suka mai da shi abincin yau da kullum ba.

Citta da tafarnuwa da tumatir, su nake cewa a dakata. Na fahimci kwaɗayin citta, musamman tun 2023 da cutar fumfuna ta afka wa gonakin Kachia da Kagarko da Jaba a kudancin Kaduna, kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo. Amma tana cin wata takwas zuwa goma a ƙasa, tana son inuwa da danshi irin na can, kuma duk tsawon lokacin ba ka ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashi. Tafarnuwa sai da sanyin hunturu take yin kai, wanda ya shuka ta da damina ganye zai girba. Tumatir kuwa, masu gonaki ma da suka gaji sana'ar sun ji jiki a hannun tsutsar sharon a 2016, balle mai bokiti ɗaya. Ba haramun ba ne, amma ba darasin farko ba ne.

Saura magana ɗaya da ba zan iya tsallakewa ba, don duk inda aka ambaci ganye a ƙasar Hausa sai ta biyo baya: magani. Da ka ce kana da na'ana'a sai a turo maka saƙon WhatsApp mai cewa tana warkar da cuta arba'in. A 2020, lokacin korona, tazargade ta yi tashe har ta yi wuyar samu, bayan da shugaban Madagaska ya fito yana tallan wani jiƙo da aka yi da danginta. Gaskiya ne cewa daga wani nau'in wannan tsiro aka samo sinadarin da ke cikin magungunan zazzaɓin cizon sauro na yau, kuma Tu Youyou ta ƙasar Sin ta sami kyautar Nobel a 2015 saboda wannan aiki. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a riƙa shan jiƙon ganyen a madadin maganin ba, saboda ba a san adadin da ke cikin kowane kofi ba, kuma shan abin da bai isa ba yana koya wa ƙwayar cutar jure magani. Ni ma ina shan na'ana'a in cikina ya kumbura, ina jin daɗinta. Amma yaron da jikinsa ya yi zafi asibiti za a kai shi a yi masa gwaji, mai hawan jini da mai ciwon suga su ci gaba da ƙwayarsu, mai ciki kuma ta tambayi ma'aikaciyar awo kafin ta mai da kowane ganye abin sha safe da yamma. Lambun kicin nake kira a yi, ba kemis ba.

Da ina da iko da makarantun firamare, da na ce malamin aikin gona ya ajiye alli na mako guda, kowane aji ya kawo bokiti da kofin ruwa da karan na'ana'a. Da ina da iko da magina, da na ce duk gidan da za a daɓe a bar taku biyu na ƙasa a gefen rariya. Ba ni da ko ɗaya. Abin da nake da shi bokitai ne, yanzu sun kai goma sha ɗaya, kuma a cikinsu babu wanda na sayi irinsa sai lansir. Ɗoɗɗoyar da gwaggo ta roƙo daga maƙwabta ta shiga gida bakwai a layinmu. Ita maƙwabciyar da ta ba da rassan farko, tata ta mutu bara da suka yi tafiya, ta aiko yarinya da sallama, aka karya mata huɗu daga nan.

Gwaggo ta sake zuwa bayan sallar layya. Idon ya ƙara rauni, sai da ta murza ganyen ta kai hanci sannan ta gane shi. Ta ce, "To, Bature, ina naka na kanti?" Na ce suna nan a cikin durowa. Ta ce in ajiye, wataƙila a yi mini canjin aiki zuwa Jos.

Daga lokacin da damina ta ja baya, zafin kaka ya wuce, zuwa ƙarshen Janairu babu lokacin da ya fi sauƙi ga mai koyo, don rana ba ta ƙuna kuma ruwan sama ba zai ruɓar da saiwa ba. Kada ka jira Maris kamar yadda na yi. Yau in an aiki yaro sayen na'ana'a, ka ce a ware maka kara uku kafin a sa sauran a buta.